Yadda Ake Shirya Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa Don Kirsimeti

Wasan da jigonsa ƙauna da kyauta ne yana da tarkon da sauran wasanni ba su da shi: duk wanda ya shigo zauren ya riga ya yarda cewa kyauta abu ne mai kyau. Babu wanda za a shawo kansa. Shi ya sa irin wannan wasa yakan rikiɗe ya zama wa'azi da kiɗa, 'yan wasa su jeru a bakin dandamali suna faɗa wa mutane abin da suka sani tun daga gida. Aikin darakta, daga ranar da ya ɗauki rubutun har daren nunawa, shi ne ya sa 'yan kallo su ga abin da mai kyautar ya rasa. In ba a ga asarar ba, kyautar ba ta da nauyi, waƙa kuwa komai daɗinta ba za ta ɗora mata shi ba.

Labarin da waƙoƙinsa

Kafin ka kira ɗan wasa ko ɗaya, zauna da rubutun ka rubuta a takarda wanda zai yi kyautar, abin da zai bayar, da dalilin da ya sa rabuwa da abin ke masa ciwo. In ka kasa amsa ta ƙarshen cikin jimla guda, rubutun bai nuna ba tukuna.

Abin da za a bayar ya zama abin da hannu zai iya riƙewa, kuma 'yan kallo su gan shi sau biyu kafin a ba da shi. A ce tsohon kafinta ne ya taɓa yin gadon jariri, jaririn bai zo da rai ba, ya lulluɓe gadon da zane a kusurwar ɗakin aikinsa. Cikin minti goma na farko wani ya taya gadon da tsada, tsohon ya ƙi, har da faɗa. Can tsakiyar wasa a gan shi shi kaɗai yana kakkaɓe masa ƙura, nan waƙarsa take. Daren da baƙi biyu suka rasa masauki, matar tana kan gwiwa, ya yaye zanen ya miƙa gadon. A wannan wurin ba ya buƙatar cewa uffan, domin fitowa biyun farko sun gama yi masa magana. Marubuta da yawa nan ne suke sa masa dogon jawabi. Ka soke shi.

In labarin haihuwar Yesu ne kansa za a nuna, ko za a saƙa shi cikin wani labari, ka san inda kowane ɓangare ya fito. Ƙidayar da Kaisar Augustas ya yi umarni da ita, makiyaya da komin dabbobi suna cikin littafin Luka na Littafi Mai Tsarki, sura ta 2. Masana taurari, Hirudus da kyautar zinariya, lubban da mur suna cikin Matiyu sura ta 2. Matiyu bai faɗi yawan masanan ba, daga kyauta ukun ne aka saba cewa su uku ne, kuma a gida ya ce suka sami yaron. Mai masaukin nan da ake gani a kusan kowane wasa yana korar Maryamu da Yusufu, Luka bai ambace shi ba. Ba laifi ba ne a haɗa su a fitowa ɗaya kamar yadda aka saba, amma in a majami'a za a nuna, ka kai wa shugabanninta rubutun tun farko. Gyaran da za su nema a makon farko mai sauƙi ne, a makon ƙarshe kuwa rushe aiki ne.

Tsawon wasan kada ya wuce minti 60 zuwa 75 in babu hutu a tsakiya, musamman da yake za a zo da yara ƙanana kallo. Shafi ɗaya na magana yakan ci kamar minti ɗaya a dandamali, waƙa ɗaya minti biyu da rabi zuwa uku. Waƙa takwas zuwa goma sun isa. Kowacce ka gwada ta da wannan: in aka cire ta, labarin zai yi giɓi? In ba zai yi ba, ado ce kawai, kuma ado biyu sun ishi wasa guda. Waƙar buɗewa ta nuna wuri da mutanensa. Kafin minti 15 jarumin ya rera abin da zuciyarsa ke so ko abin da take tsoro. Karin wannan waƙa ne za ka dawo da shi a lokacin kyautar, a hankali, da kayan kiɗa ɗaya tak, ko da ba kalma. Kunne yana gane karin da ya taɓa ji, sai ya haɗa wuraren biyu da kansa.

Maganar izinin amfani da waƙoƙi da rubutun wasu a gama ta kafin atisaye. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya ke ciki, tana kare aikin mawallafi aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da dama sun kai shi 70. Tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti da yawa sun fita daga wannan kariya, sai dai sabon tsarin kiɗan da wani ya yi musu, ko sabuwar fassara, ko faifan da aka naɗa, duk suna da masu su. Izinin nuna wasa a zaure kuma ba lalle ya haɗa da ɗaukar bidiyo a sa a YouTube ba. Ka karanta takardar izinin da kyau.

Zaɓen mutane da lissafin lokaci

Ma'aunin da masu wasan kwaikwayo suka daɗe suna aiki da shi shi ne awa ɗaya ta atisaye ga kowane minti ɗaya na wasa. Wasan minti 70 yana neman wajen awa 70. In kuna haɗuwa sau uku a mako, awa biyu-biyu, mako 12 ke nan, wato wanda zai nuna wasa a tsakiyar Disamba ya kamata ya gama zaɓen 'yan wasa kafin ƙarshen Satumba. Mako uku na farko na waƙa ne zalla, ana zaune. Mako huɗu na gaba na tsara motsi ne, fitowa bayan fitowa. Ka sa ranar ajiye takarda, wato ranar da kowa zai zama ya haddace rubutunsa, a ƙarshen mako na bakwai, kuma ka tsaya a kanta, don wanda ke riƙe da rubutu ba ya kallon abokin wasansa, hannunsa ma ba ya aiki. Sauran makonnin na haɗa wasan ne daga farko zuwa ƙarshe.

A wajen zaɓe, kowa ya rera baiti ɗaya da amshi, mai piyano ya hau da shi ya sauka don a san iyakar muryarsa, sannan ya karanta ɗan yanki tare da wani. Daga nan ka ba shi umarni guda, misali ya sake karantawa kamar yana ɓoye fushi. Wanda ya canza shi ne za ka iya aiki da shi. Mai zaƙin murya da ya maimaita yadda ya yi da farko, ka sa shi cikin 'yan amshi, zai fi amfani a can. Ka kuma karɓi ranakun da kowa ba zai samu zuwa ba a rubuce, domin Disamba wata ne na tafiye-tafiye da jarrabawa.

Yawancin yara suna rera waƙa cikin sauƙi daga C ta tsakiyar piyano zuwa D ta biyu da ke samanta, tazarar sauti tara. In waƙa ta wuce nan sai su koma ihu, in ta yi ƙasa sai muryar ta ɓace. A ɗaga waƙar ko a sauke ta, kada a tilasta wa maƙogwaro. Yaro namiji ɗan shekara 12 zuwa 14 muryarsa na iya fashewa tsakanin Satumba da Disamba, don haka in ka ba shi babbar waƙa, ka tanadi tsarinta a ƙasa kaɗan. Manyan gurabe biyu ko uku kowanne ya sami mai maye gurbi in ɗan wasan ya kasa zuwa, wanda ya yi cikakken atisaye aƙalla sau biyu. Mura ba ta duba jadawali.

Mutum ɗaya da ba za ka yi wasa ba sai da shi, shi ne manajan dandamali. Shi ke riƙe da babban littafin wasa: rubutun a shafin dama, shafin hagu fari don rubuta motsi, da lambar kowane canjin fitila da sauti a gefen layin da zai faɗo. Da fensir ake rubutawa, don komai zai canza.

Tsara motsi

Ka auna ainihin dandamalin, ka fitar da girmansa a ƙasan wurin atisaye da tef mai launi, har da ƙofofi da matakala. Waɗanda suka saba da fili mai faɗi, ran da suka hau ƙaramin dandamali karo za su riƙa yi da juna.

Babban ciwon wasan masu koyo shi ne layi miƙaƙƙe: mutum shida kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar 'yan kallo. Ido ba ya sanin wanda zai kalla. Ka tsayar da su a siffar alwatika, mai magana a ƙololuwa daga baya kaɗan, sauran sun karkato gare shi. Ka yi amfani da tsayi, wani a zaune, wani a tsugune, wani a kan akwati. Masu magana biyu kada su fuskanci juna gaba da gaba, kowa ya buɗe kafaɗar da ke wajen 'yan kallo don a ga fuska. Ido kuma motsi yake bi, saboda haka duk mai muhimmiyar magana, sauran su tsaya cak.

Wajen ba da umarni, kada ka ce wa ɗan wasa "yi baƙin ciki" ko "nuna ƙauna". Abin da za ka samu shi ne ɓata fuska da dafa ƙirji. Hanyar da darakta ɗan Rasha Konstantin Stanislavski ya koyar a gidan wasansa na Mosko, wanda aka kafa a 1898, ita ce a ba ɗan wasa abin da yake so ya samu daga wanda ke gabansa. Ka ce wa kafintan: "Kana so su karɓi gadon su tafi kafin ka canza ra'ayi." Nan take za ka ga hanzari da kawar da kai, abin da ya fi hawaye taɓa zuciya.

Fitowar kyautar ta cancanci zaman atisaye guda ita kaɗai. Ka yanka ta gunduwa-gunduwa: ya ji buƙatar, ya kalli abin, ya juya baya kamar zai ƙi, ya dawo, ya ɗauka, ya miƙa, hannunsa ya ɗan jinkirta kafin ya saki. Mai karɓa kada ya yi saurin godiya, ya fara ƙi tukuna. A yi ta a gaba, tsakiya, inda kowa ke gani, kuma jikin mai bayarwa kada ya kare abin. 'Yan wasa tsoron shiru suke yi, daƙiƙa uku sai su ji kamar minti guda, su yi maza su cike ta da magana. Ka sa su ƙirga biyar a zuci har su saba.

Taron jama'a kuma kada a bar su tsaye suna kaɗa kai. Ka raba su gida-gida, mutum uku ko huɗu, kowane gida da aikinsa da wanda yake jagorantarsa. Ƙananan yara a haɗa kowanne da babba guda wanda zai bi, a manna masa alamar tsayuwa a ƙasa, kuma kada a bar su a dandamali fiye da minti biyar a jere. Atisayensu ya zama na minti 45, a fara da su a sallame su. Duk inda yara suke, manya biyu su kasance tare da su, har ɗakin canza kaya, kuma a rubuta sunan wanda zai zo ɗaukar kowane yaro.

Inda magana ke shiga waƙa

A nan ake gane wasan da aka yi wa aiki. Abin da aka saba gani shi ne ɗan wasa ya gama magana, ya taka zuwa gaba, a yi tsit, kiɗa ya fara, ya jira gabatarwa ta ƙare yana kallon sama. Labarin ya mutu na daƙiƙa ashirin. Maganinsa kiɗan ya shigo a ƙarƙashin layi biyu ko uku na ƙarshen maganar, ƙasa-ƙasa, yadda kalmar farko ta waƙar za ta zo kamar ci gaban jimlar. Makaɗa su ware ɗan gajeren yanki da za su riƙa maimaitawa har mawaƙin ya shiga, don maganar ba kullum take ɗaukar lokaci ɗaya ba.

Wannan ne ya sa mai piyano ɗaya ƙwararre ya fi kiɗan da aka naɗa, komai cikarsa. Mai piyano yana jira, faifai ba ya jira. In dole sai naɗaɗɗen kiɗa, a yanka kowace waƙa fayil dabam da lamba, a share shirun da ke farkonsa, a sauke su cikin kwamfuta kada a dogara da intanet, a kashe sanarwar saƙonni, a ajiye kwafi a na'ura ta biyu. A fara atisaye da shi tun mako na huɗu.

Rawa mai ƙarfi da dogon sauti ba sa haɗuwa. Inda waƙa ta yi sama ko ta yi tsawo, ƙafa ta tsaya. In ana son rawar ta yi zafi, a raba jama'a, wasu su taka wasu su riƙe waƙar.

Sauti, haske da kaya

Koken 'yan kallo na farko kullum ɗaya ne: ba mu ji abin da suke cewa ba. Yawanci ganga da gita ne suka danne murya. A fara daidaita muryoyi, sannan a ɗago kiɗa a ƙarƙashinsu. Ganga a sa mata shinge ko a kaɗa da sanduna marasa nauyi. Makaɗa su zauna kusa da dandamali, domin sauti yana tafiyar mita 343 ne a daƙiƙa, in suna nesa da mita 30 kiɗan zai iso wa mawaƙa a makare da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, waƙar ta riƙa jan ƙafa.

Kukan lasifika yana faruwa ne idan makirufo ya ɗauki sautin da ke fitowa daga lasifika ya mayar mata. Manyan lasifikoki su kasance a gaban layin 'yan wasa suna fuskantar zaure, kuma duk makirufon da ba a magana da shi a rufe shi. Ƙaramin makirufo marar waya a manna shi da filasta a goshi wajen gashi ko a kumatu. Na ƙirji yana ɗaukar ƙarar tufafi, kuma murya na raguwa da an juya kai. Wasan ƙauna cike yake da runguma, in mutum biyu masu makirufo suka matso juna sautin yakan koma kamar daga cikin tulu, don kowane makirufo yana ɗaukar murya biyu. Mai kula da sauti ya rufe ɗaya a daidai wurin, a rubuta masa a littafi. Kowane nuni da sabon batir. Wanda ya fita daga dandamali a rufe nasa nan take, in ba haka ba zaure zai ji hirar bayan labule.

Ga haske, tsarin da masanin hasken dandamali Stanley McCandless ya wallafa a 1932 har yau yana aiki: kowane yanki na dandamali fitila biyu daga gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce a kusurwar digiri 45, ɗaya mai launi mai ɗumi kamar ruwan zuma, ɗaya mai launi mai sanyi kamar shuɗi. Fitilar da ke kai tsaye bisa kai tana mai da idanu ramuka. Labarin Kirsimeti yawancinsa da dare ne, sai a cika shuɗi, fuskoki su ɓace, musamman masu duhun fata. A bar shuɗin a baya da sama, a ba fuska haske mai ruwan zuma. Farar rigar mala'iku takan ƙyalle ta rinjayi fuska, yadi mai ruwan madara ya fi. Canjin fitowa kada ya wuce daƙiƙa 20, da kiɗa a kai. In yana ɗaukar fiye da haka kayan sun yi yawa, a rage.

Kyandir na gaske, busasshiyar ciyawa, auduga da dogayen riguna a wuri ɗaya gobara ce ke jiran lokaci. A yi amfani da kyandir mai batir. Wayoyin ƙasa a manne su da tef, ƙofofin fita a bar su a buɗe ba kujera, abin kashe gobara a kowane gefe da wanda ya iya aiki da shi. Rigar yaro ta tsaya a idon sawu saboda matakala. Jariri na gaske da dabba mai rai suna sace hankalin zaure gaba ɗaya, kuma ba sa karɓar umarni. 'Yar tsana da aka naɗe da kyau, aka sa mata ɗan nauyi a ciki don mai riƙon ta riƙe ta kamar jinjiri, ta wadatar. Kayan hannu a shimfiɗa su a tebur, a zagaye wurin kowanne da alƙalami a rubuta sunansa, da kallo ɗaya za a san abin da ya ɓace. Abin kyautar kansa a yi guda biyu.

Makon ƙarshe

Rana ta farko mawaƙa da makaɗa su zauna su bi waƙoƙin duka ba motsi. Ta biyu ta masu fitila da sauti ce: a riƙa tsallake magana ana zuwa daga canji zuwa canji, manajan dandamali yana cewa "a shirya" sannan "tafi". Ranar tana da gajiya, ka gaya wa 'yan wasa tun da wuri, kuma kada ka kawo ƙananan yara. Sannan cikakken gwaji biyu da sutura da komai, ba tsayawa ko da an yi kuskure, domin dole su koyi fita daga kuskure da kansu. Kai kuma ka canza wurin zama, yau layin ƙarshe, gobe can gefe, ka ji abin da mai wannan kujera zai ji. Gyare-gyarenka ka rubuta, ka faɗa bayan an gama, gajeru. Bayan gwajin farko kada ka ƙara sabon motsi, cirewa kawai ya rage.

Gaisuwar ƙarshe ma a yi mata atisaye, kada ta wuce minti biyu: yara, 'yan amshi, ƙananan gurabe, manya, sannan a nuna makaɗa da masu na'ura da hannu. In akwai tara gudummawa ga mabuƙata, a sanar kafin a fara ko a rubuta a takardar shiri, kada wani ya hau da makirufo yana bayani da zarar an gama fitowar kyautar.

Ranar nunawa 'yan wasa su iso awa biyu kafin lokaci. A gwada kowane makirufo da muryar mai shi, a yi minti 15 ana ɗumama murya, a duba teburin kaya, a buɗe ƙofa saura minti 30. Daga nan wasan yana hannun manajan dandamali. Darakta ya koma cikin zaure da takarda da alƙalami, ya rubuta abin da za a gyara kafin nuni na biyu.